Oga, me ya sa har yanzu tsohuwar talabijin ce a falonka?

Jiya da ka kai min saƙo gida ka dawo kana ta murmushi, sai da yamma ka kasa haƙuri ka tambaye ni wai Oga kai da kullum filasma kake kwancewa kana ɗaurawa ya aka yi talabijin ɗin gidanka har yanzu mai ƙusumbin nan ce, kuma in kwastoma ya ce maka ya gyara ko ya sayi sabuwa me za ka ce masa. Lokacin ayon ɗin narka dalma na hannuna shi ya sa ban tanka ba, toh yanzu ga amsa.

Da farko dai ba rowa ba ce, duk da nasan abin da ku ke faɗa kenan in na fita sallah. Lissafi na yi. Waccan inci 21 ce, tana jan wajen wat 80, sabuwa mai LED inci 32 kuma wajen wat 40 take ja. A ce awa biyar ake kallo a rana, tsohuwar ta ci yunit 12 a wata sabuwar ta ci 6, kaga bambancin yunit shida ne kacal. Ko da kuɗin 'yan Band A ka buga, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta awa 20 a rana, kuɗin da aka kai naira 225 duk yunit a watan Afrilun 2024, naira 1,350 ce a wata, wato 16,200 a shekara, mu kuwa unguwarmu ko kusa da Band A ba mu je ba. Yanzu a ce sabuwar dubu 150 ce, shekara tara da ɗoriya kenan kafin ta mayar min da kuɗina, kai kuma da hannunka ka sha canza fitilun bayan gilashi na filasmar da ko shekara huɗu ba ta rufa ba, murya na fita hoto babu. Toh ina ribar?

Sannan ita wannan tsohuwar na san ciwonta kamar yunwar cikina. Sau biyu ta taɓa kwanciya, ɗaya kafasita ce ta kumbura ɗaya kuma fiyus ne ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi cikin dare, maƙwabcina a daren allon wutar filasmarsa ya ƙone ƙurmus don ba shi da istabilaiza. Yara sun jefe ta da ƙwallo ba sau ɗaya ba ko gezau. Filasma kuwa gilashin ya tsage shi kenan an gama, don kuɗin sabon gilashi kaɗan ne ba kuɗin sabuwar talabijin ba, ka ga dai waɗanda ke jingine a bayan shago masu su sun ƙi dawowa ɗauka. Maganar tashoshi ma da mutane ke tsoro tun da aka ƙaddamar da komawa dijital a Jos a 2016, dikoda kawai na saya na jona da wayar nan mai kai uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, maman yara na kallon Arewa24 ɗinta lafiya lau.

Amma kar ka ɗauka komai na gidan na bari a tsohonsa. Ba ka lura da ƙwayayen fitila ba ko? Waɗannan tuni na kwashe su, ko tunani ban tsaya yi ba. Ƙwan wat 60 da na LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne, ƙwai shida awa shida a rana bambancin ya haura yunit 50 a wata, wlh kafin wata biyu sun biya kuɗin kansu. Firji ma haka, ɗan gwanjon da muke da shi robar ƙofarsa ta saki kwamfireso ba ya hutawa, in akwai wuta gurnani yake ta yi ba tsayawa, mita na gudu kamar ana korarta, na sayar da shi na cika na sayi wani. Mutane abin da baƙo zai gani a falo suke fara canzawa, abin da ke cinye musu kuɗi kuwa yana can kicin ko rataye a silin.

Inda lissafin ke juyewa shi ne sola. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagari mutane da yawa kowa ya koma neman fanel da batir da inbata, toh a nan wat 40 ɗin nan da na raina ba abin rainawa ba ne. Batirin 200Ah mai bolt 12 a takarda wat 2,400 ne na awa ɗaya, amma in irin mai ruwa ne rabi kawai ya kamata ka ja in kana son ya yi ƙarko, kaga saura 1,200, a ciki fanka za ta ci fitilu su ci a yi cajin waya. Tsohuwar talabijin ita kaɗai a awa biyar ta lashe 400. Duk ranar da na sa sola a gida, ranar mai ƙusumbi za ta koma ƙauye wajen Inna.

Shi kwastoma in ya tambaye ka, kar ka yi saurin buɗe baki. Tambaye shi tukuna wace wuta yake amfani da ita, awa nawa abin ke aiki a rana, akwai yara ƙanana a gidan ko babu. In fitilun baya ne ko allon wuta ka ce a gyara, in gilashi ne ka gaya masa gaskiya ya haƙura ya tara kuɗi, kar ka karɓi kuɗin mutum kan abin da ka san bayan wata uku zai dawo da shi yana huci. In kuma sha'awa ce kawai ke damunsa ya ga ta ɗan'uwansa manne a bango, wannan kuɗinsa ne ba ruwanka, sai dai ka ce ya haɗa da istabilaiza don Allah.

Af, na ga kana shafa bayan tawa jiya. Duk ranar da aka kawo irinta shago kar ka kuskura ka zura hannu wai don an cire ta daga soket, wutar da ke kwance ƙarƙashin robar nan ta jikin tulun gilashin in tana aiki ta haura bolt dubu 20 kuma ba ta fita da wuri, sai an sauke ta da sukundireba da waya zuwa wayar ƙasa ta jikin tulun. Gobe ka zo da wuri in nuna maka a kan wadda ke ƙarƙashin benci, daga nan ka kwance ta Hajiya mu duba fitilun, ta ce bayan la'asar za ta aiko.