Amsa kan hawan keke yayin zuwa aiki Birnin Kebbi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka taho da kekenka na tsere tunda aiki zai zaunar da kai mako biyu a Birnin Kebbi. Shawarata ita ce ka taho da shi, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma idan ka cire ƙafar gaba zai shiga bayan mota ba tare da wahala ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin fita. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, saboda haka ka fita da zarar an idar da sallar asuba kuma gari ya waye, ka dawo kafin hantsi, da gorar ruwa biyu aƙalla. Hanyar Argungu ta fi mini daɗi, amma ka yi hattara da yashin da iska ke tarawa a gefen kwalta, domin siririyar taya takan zame a kansa nan take. Ka riƙo tiyub da famfonka, saboda masu faci ba kasafai suke ajiye irin naka ba.

Kada ka yi nisa kai kaɗai, kuma ka tambayi abokan aikinka halin tsaron hanyar kafin kowace fita.