Sunan wa ya kamata ya hau kan maƙala?

Ɗana, ka tambaye ni game da tez ɗinka, kundin kammala karatunka, da kake son mayarwa maƙalar mujallar kimiyya, wato binciken da ka yi kan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a sashen yara na wani asibiti a nan Yamai. Ka ce shugaban sashe, wanda ya ba ka batun kuma ya bi aikin tun daga farko, ya umarce ka da ka ƙara sunan wani abokin aikinsa da bai taɓa buɗe rajistar majinyatan ba, saboda mutumin yana haɗa takardun neman ƙarin girma. Ka ce kuma ba ka san inda za ka ajiye majo, shugabar ma'aikatan jinya da ta riƙe rajista, da ma'aikacin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, da ya duba jinin yaran ba.

Editan da zai karɓi aikinka yana zaune a Landan ko Bamako, bai ga yaran ba, bai ga rajista ba, kuma ba shi da hanyar tabbatar da cewa adadin da ka rubuta shi ne aka kwantar. Abin da yake riƙe da shi kawai sunayen da ke saman takarda ne. Matsayinsu ɗaya da na dillali a kasuwar dabbobi ta Badagishiri, inda mai saye bai san mai saniya ba, dillali ne ya tsaya masa, kuma ranar da ta bayyana cewa saniyar ta sata ce, ƙofar dillalin za a ƙwanƙwasa. Duk wanda ya yarda sunansa ya hau maƙala ya tsaya wa abin da ke cikinta ke nan, ko ya sani ko bai sani ba.

A shekarar 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka haɗu a birnin Bankuba na Kanada domin daidaita yadda ake aiko musu da rubutu, kuma daga wannan zama ne kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya samo asali. Ƙa'idarsa ita ce marubuci ya kasance ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken, ko tattara bayanansa, ko nazarinsu da fassara su; ya rubuta maƙalar ko ya yi mata gyara mai zurfi; ya amince da kwafin ƙarshe; sannan ya yarda zai amsa duk tambayar da ta taso kan ingancin aikin. Sharuɗɗan huɗu ake nema tare. Samo kuɗin bincike ko shugabancin sashe kaɗai ba ya mayar da mutum marubuci. Sharaɗi na huɗu sai a 2013 aka ƙara shi, bayan editoci sun gaji da jin amsa iri ɗaya duk lokacin da aka gano maguɗi, inda kowane mai suna kan ce shi ba ɓangarensa ba ne. A 1981 an kama John Darsee, wani matashin mai binciken ciwon zuciya a Jami'ar Harvard, yana ƙirƙirar sakamako, kuma maƙalunsa na ɗauke da sunayen manyan malamai waɗanda ba su binciki alƙaluman ba. A 1998 mujallar Lancet ta buga aikin Andrew Wakefield kan yara 12, wanda ya jefa shakku kan allurar rigakafin ƙyanda. Marubuta 13 ne a kai. Goma daga cikinsu sun janye daga fassarar sakamakon a 2004, mujallar kuma ta soke maƙalar gaba ɗaya a 2010, amma kafin nan iyaye masu yawa sun ƙi kai ƴaƴansu rigakafi. Abokin aikin maigidanka yana ganin kyauta za a yi masa, alhali lamuni za a ɗora masa kan aikin da bai gani ba.

Na san inda matsin yake fitowa. Hukumar CAMES mai tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a nan Yamai a 1968 kuma hedikwatarta ke Wagadugu, tana duba yawan maƙalun malami da gurbin sunansa a cikinsu kafin ya hau mataki na gaba, kuma likitan da ke kwana a ɗakin tiyata ba ya samun lokacin rubutu. Daga nan al'adar "sa ni in sa ka" ta samu gindin zama, har ka ga maƙalar da ke bayanin majinyaci guda tana ɗauke da sunaye goma sha wani abu. Ina fahimtar dalilin, amma ban yarda da shi ba, domin wanda yake cutuwa shi ne matashin da ya yi aikin, wanda ƙoƙarinsa ke narkewa a cikin taron sunaye.

Ba na ba ka shawarar ka tsaya gaban maigidanka ka karanta masa doka. Shi ya cika sharuɗɗan, kuma bisa al'ada sunanka ne zai zo farko tun da kai ka yi aikin, nasa kuma ya zo a ƙarshe a matsayin jagora. Game da ɗayan, ka bar takardar mujallar ta yi maka magana. Yawancin mujallu na ƙwarai suna neman a rubuta a gaban kowane suna abin da mai shi ya yi, wasu ma sai kowa ya sa hannu. Ka buga wannan shafi, ka cike naka da nasa, ka bar layin mutumin a buɗe, ka kai masa ofis lokacin da ba kowa, ka ce, "Malam, me zan rubuta a gaban sunan wane?" Idan ana so ya shiga da gaske, ƙofa a buɗe take: a ba shi bayanan, ya sake nazarin dalilan mutuwar yaran da suka zo da ƙarancin jini ko da jijjiga, ya gyara sashen tattaunawa, ya karanta kwafin ƙarshe. In ya yi haka ya zama marubuci na halal, maƙalar ma ta ƙaru. In bai yi ba, babu abin da za a rubuta a layin nan sai ƙarya, kuma malami mai mutunci ba zai so ya faɗe ta da bakinsa ba. A bincikenka na gaba kuwa, ku zauna ku rubuta jerin sunaye da aikin kowa tun kafin a buɗe rajista ta farko.

Batun ma'aikacin labo ya fi damuna, domin a nan ne muka fi yin zalunci ba tare da mun lura ba. Mutumin da ya zauna gaban madubin likita yana ƙirga ƙwayoyin cuta a ɗigon jini, ya ware gilasan da bai gamsu da rininsu ba, ya sake duba su, shi ne ya samar da alƙaluman da teburinka na biyu ya dogara a kansu. Ya cika sharaɗi na farko, kuma ICMJE ta faɗa a fili cewa wanda ya cika shi dole a ba shi damar cika sauran, kada a hana shi ganin rubutun sannan a ce bai rubuta ba. Ka kai masa sashen hanyoyin bincike ya gyara, kuma za ka ga ya fi ka sanin abin da ya kamata a faɗa a wurin. Majo kuwa, idan aikinta na kullum ta yi, gurbinta sashen godiya ne, bayan ka nemi izininta a rubuce. Idan kuma ita ta bi fayil ɗaya bayan ɗaya tana cike muku giɓi, hukuncinta ɗaya da nasa. Ƙasar nan ta ba duniya manyan ayyuka, kamar gwajin rigakafin gudawar rota da aka yi a Madarunfa, wanda mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2017, da gwajin raba maganin azitromisin ga yara a jihar Doso da ta buga a 2018, kuma irin waɗannan ayyuka ba sa yiwuwa sai da ma'aikatan da ke bin ƙauyuka. Mu da muke neman abokan hulɗa na waje su ba mu gurbin da ya dace, bai kamata a same mu muna danne na ƙasa da mu ba.

Ɓoye wanda ya rubuta ma laifi ne. A 2008 mujallar JAMA ta nuna yadda ma'aikatan kamfani da marubutan haya suka tsara wasu maƙalu kan Vioxx, wani maganin rage zafin ciwo, aka ɗora sunayen malaman jami'a a kansu. Idan wani ya taya ka fassara zuwa Ingilishi ko ya gyara maka lissafi, ka faɗa. Idan ka yi amfani da manhaja irin ChatGPT, ka bayyana, amma tun 2023 ICMJE ta ce ba a sa ta cikin marubuta, domin ba ta iya amsa tuhuma.

Kafin ka aika, ka duba takardar izinin kwamitin ɗa'a. Sanarwar Helsinki ta 1964 kan ɗa'ar bincike a kan mutane, wadda aka yi ta sabuntawa, ita ce madogarar editoci, kuma ko binciken tsofaffin rajistoci ne, kwamiti ke da ikon cewa ba a buƙatar amincewar iyaye, ba kai ba. Idan ba a nema ba tun farko, ka je wurin kwamitin ka faɗi gaskiya, kada ka yarda a ba ka takarda mai tsohon kwanan wata. Duk Bahaushe ya san abin da gwajin maganin Trovan kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya jawo na shari'a da rashin yarda da likitoci, kuma batun izini yana tsakiyar wannan rikici. Hoton yaro kuwa ba ya shiga sai da sa hannun iyayensa, domin baƙin layi a kan idanu ba ya ɓoye shi ga mutanen unguwarsu.

Mujalla ɗaya ake aika wa a lokaci guda, kuma ka gaya wa edita cewa aikin daga tez ya fito. Saƙonnin da ke shigo maka suna alkawarin bugawa cikin mako guda in ka biya, ka yi watsi da su, ka duba ko mujallar tana cikin rumbunan mujallun da aka tantance, irin DOAJ ko PubMed ko AJOL, kafin ka ba ta aikinka. Takardun da ka cike daga rajista kuma ka adana su a wuri mai makulli, tare da kwafin kwamfuta wanda aka cire sunayen yaran aka sa lambobi, domin edita na iya neman su ko bayan shekaru, kuma idan ka gano kuskure a wani teburi bayan an buga, kai ne za ka fara rubuta masa ka nemi a fitar da gyara.