Kala ba kyauta ba ce, ɗana

Ɗana, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiyar kaka, ina iyali? Saƙonka ya iso, na sa jikata ta karanta mini har sau biyu, don ido ya fara gajiya da ƙananan rubutu.

Ka ce taki ya yi tsada, ƴan ƙwadago sun ƙara kuɗi, kuma bana da ka zaga gonar bayan an cire gyaɗa ka ga abin da mata da yara suka tsinta zai kai buhu. Shi ne kake tambaya ko barin kala umarnin Allah ne ko kuwa al'adar tsofaffi ce kawai, kuma ko ba zai fi ba ka sa a sake bin gonar a tattara komai, ka kai buhu guda coci ran godiyar kaka. Ban ji haushin tambayar ba. Wanda ya riƙe gandu shi ya san nauyinsa.

Al'ada ce, kuma ta girmi zuwan bishara garinmu. Kakanmu bai taɓa shiga majami'a ba har ya mutu, amma in an ɗauke damin ƙarshe ba ya yarda kowa daga gidansa ya koma gona neman zangarniya. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suke yi. Da mahaifinmu ya ba da gaskiya ya koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wancan tsohon bugu na 1932 wanda Likita Miller na Wusasa da abokan aikinsa suka yi wahalarsa, sai ya tarar abin da ubansa yake yi a rubuce yake tun zamanin Musa. Buɗe Littafin Firistoci sura 19, aya 9 da 10: an ce in za ka yi girbi kada ka girbe har gefen gona, kada kuma ka koma kala, ka bar wa matalauci da baƙo. An sake faɗa a sura 23, aya 22. A Maimaitawar Shari'a sura 24 har an ce in ka manta da dami a gona kada ka koma ɗauka, na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Dami guda fa, ba zangarniya ba. Kuma dalilin da aka bayar a can shi ne ku tuna ku ma bayi ne a Masar.

Ka lura da yadda aka faɗe shi. Ba a ce ka tara ka ba su ba. Cewa aka yi ka bari. Tsakanin biyun nan akwai tafiya mai nisa, kuma a nan amsar tambayarka take.

Ban fahimci wannan daga wa'azi ba, a jikin uwarmu na gani. Shekarar fari, 1973, mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba, ubanka yana goye. Gayaunarmu ba ta ba da abin da zai kai mu Kirsimeti ba. Kullum da asuba Inna takan ɗauki ƙwarya da ƴar ƙaramar fartanya, ni ina biye, mu bi gonakin da aka gama cirewa. Ƙasa ta bushe kamar dutse. Takan durƙusa ta tona inda saiwar gyaɗa ta tsinke, ta fito da ƙwanso biyu ko uku, ta busa ƙasar, ta jefa a ƙwarya. Har yau ina jin ƙarar faɗawarsu lokacin da ƙwaryar take wayam. Faratanta duk sun tsage. Amma in muka dawo da yamma, kanta a ɗage take shiga gari. Ba ta tsaya ƙofar gidan kowa ta yi sallama da kwano ba. Guminta ta ci.

Akwai wani dattijo, Musulmi, mai gona kusa da rafi. Mun lura a gonarsa ƙwarya takan cika da wuri, har mukan samu tushe ɗungum ba a taɓa ba. Inna ta ɗauka sakacin yaransa ne. Sai bayan shekaru da yawa, ran da muka je gaisuwar rasuwarsa, ɗansa ya gaya mini tsohon ne yake ce musu su riƙa tsallake tushe a kunyoyin da ke gefen hanya, kuma kada su kuskura su faɗa wa kowa.

Shi ya sa ba na iya karanta Littafin Rut da busasshen ido. Ka san labarin tun kana makarantar Lahadi, amma sake karanta sura ta 2 yanzu da kake mai gona. Na'omi ta dawo Baitalami daga Mowab hannu wofi, miji ya mutu, ƴaƴa biyu sun mutu, har tana cewa a daina kiranta Na'omi a kira ta Mara, wato mai ɗaci. Farkon girbin sha'ir ne. Rut, matar ɗanta da ta biyo ta, ba ta ce bari in je in roƙa ba, cewa ta yi bari in je kala. Dubi kuma abin da Bo'aza, mai gonar da ta shiga, ya yi. Mai arziki ne, da ya so da ya auna mata hatsi ya sallame ta, kowa ya yabe shi. Bai yi haka ba. Ya ce ta tsaya a gonarsa kada ta je wata, ta sha ruwa daga tulunan ma'aikata, ya gargaɗi samari kada su taɓa ta. Lokacin cin abinci ya miƙa mata gasasshen hatsi, irin tumun da muke yi da sabon gero, ta ci ta ƙoshi har ta rage wa surukarta. Sa'an nan a bayan idonta ya ce wa masu girbi su riƙa zaro zangarku daga dammuna suna yarwa, kada kuma su tsawata mata. Da yamma ta sussuka abin da ta tsinta, ya kai mudun Yahudawa da ake kira efa, wanda ya fi garwa guda. Ta koma gida da shi a matsayin abin da hannunta ya samo.

Kuma kada ka manta Rut mutuniyar Mowab ce, mutanen da Shari'a ta ce kada su shiga taron jama'ar Ubangiji. Bo'aza ya sani, shugaban masu girbi ya gaya masa tun da farko. Bai ce kala ta ƴan gida ce ba. Wannan baƙuwa ita ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda, kuma sunanta yana cikin asalin Yesu a Matiyu sura 1.

To, buhun da kake so ka kai coci, ka kai, Allah ya karɓa. Baiko wajibinmu ne, kuma dattawa da Zumuntar Mata suna ƙoƙari wajen rabawa. Amma ba zai tsaya a madadin kala ba. Wanda aka raba a coci yakan kai ga waɗanda sunansu yake a takarda. Akwai matar da za ta kwana da yunwa da dai ta miƙe a gaban jama'a a ce ita ce mabukaciya. Akwai Bafillatanar da ke rugar bayan gari, akwai almajiri, akwai waɗanda suka gudo daga ƙauyukan da ƴan bindiga suka tasa. Waɗannan ba za su zo layin rabo ba, amma gonar da aka gama girbe kowa ya san a buɗe take. Ga kuma wani abu: buhun coci da sunanka zai shiga, za a yi maka tafi. Kala ba mai gode maka, don ba kai ka bayar ba.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na taɓa faɗuwa a nan. Wata shekara bashi ya kama ni, na sayar wa makiyaya harawa da karan gona tun ranar da aka gama, suka saki shanu da yamma. Washegari na hango mata uku da ƙorai a bakin gona suna kallon kofato da kashin shanu. Ba su ce komai ba, suka gaishe ni da ladabi suka juya. Kuɗin ya biya bashin, amma na yi kwanaki ban iya addu'ar safe ba, don fuskar Inna nake gani.

Gaskiyarka ne cewa akwai masu wuce gona da iri, su shiga tun ba a gama ba, su mai da kala sata. Wannan ka hana, ba laifi. Rut ma sai da ta nemi izini, kuma bayan masu girbi take bi, ba gabansu ba. Ka'idar gidanmu ita ce: sai an ɗauke damin ƙarshe, ko an kwashe tarin gyaɗa, sa'an nan gona ta buɗe. Daga nan ka ba ta kwana uku kafin ka bar dabba ta shiga, ka kuma faɗa wa makiyaya haka tun wajen ciniki. Ƴan ƙwadago su bi sau ɗaya, su yi aikinsu da kyau, kada ka sa su koma. Ka ja kunnen samarin gida game da ƴan matan da ke zuwa, kamar yadda Bo'aza ya ja na nasa. In akwai randa a bukkar gona, a bar ta da ruwa.

Kunyoyi biyun nan na gefen hanya, wajen tsamiya, tun da na karɓi gandun ban taɓa bari an cire su duka ba. Ban taɓa gaya wa ubanka dalili ba, kai ne na farko. In Allah ya kai mu ranar cirar waken, ka aiko a ɗauke ni a babur in nuna maka daga inda ake fara tsallakewa.

Ka gaida matarka da yara. Baffanka.