Littafin da ke cikin adakar Inna

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin tsinci ƙaramin littafin nasiha ga 'yan mata a adakar marigayiya Inna, har sunan marubuciyar ya goge. Kina tambaya ko ya dace a sa wa ƙanwarki irinsa cikin kayan ɗaki, ko kuwa baƙon abu ne da zai ture faɗan da iyaye ke yi wa amarya.

Na san littafin nan sarai. Wata malamar Islamiyya ce a Tudun Wada ta rubuta shi, ta buga da kuɗin adashenta. A bakin masallacin Sultan Bello Inna ta saya mini, an shimfiɗa shi a tabarma tsakanin Ƙawa'idi da Ahalari. Bangonsa kore, bai kai kaurin yatsa ba. Ba a taɓa jin muryar matar nan a rediyo ba, amma babinta na jinin al'ada da wankan tsarki shi ya koya mini abin da kunya ta hana Inna faɗa mini baki da baki. Allah ya jiƙan su duka.

Abin kuwa yana da asali. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rubuta wa mata waƙoƙin wa'azi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata, tana naɗa jaji, wato malamar da ke jagorantar su, ta ɗora mata malfa, ta tura ta ƙauye. Da ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta riƙe aikin. Mutum nawa kika ji suna ambaton Maryam yau?

Sai dai takardar ba ta taɓa tafiya ita kaɗai ba. Jaji ce ke haddacewa, ta rera wa mata, ta tsaya a yi mata tambaya. Ni ma goggonmu ce ta zaunar da ni daren kai ni ɗaki, fitilar ƙwai a gabanmu, ta buɗe shafin haƙuri ta ce wannan bai haɗa da duka ko yunwa ba.

Don haka ki sa mata littafin, mu kuma faɗanmu na nan. Ki kawo mini shi ran Juma'a, ni zan karanta mata da bakina kafin a sa ta a lalle.