Filin Likitan Dabbobi: Kwikwiyo Mai Cin Takalma da Kyanwa Mai Yagar Kushin

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Likita. Na karɓo ɗan kwikwiyo don gadin gidan gonarmu da ke hanyar Daura, amma na ajiye shi a garejin gida kafin ya yi ƙwari. Watansa biyar. Ya cinye silifas ɗin ƙannena, ya huda mesar ban ruwa, shekaranjiya kuma ya kama takalmin Alhajinmu. Na doke shi, na ɗaure shi, bai daina ba. Alhaji ya ce in san inda zan kai shi. Na ga ana tallar kayan taunar karnuka a intanet, amma sun yi mini tsada. Yaya zan yi?
*Wani matashi daga Ƙofar Ƙaura, Katsina*

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Ajiye bulalar nan tukuna, karenka famfara yake yi. Kwikwiyo yana da haƙoran farko guda 28. Daga wata uku zuwa huɗu suke fara zubewa, manya guda 42 su fito, kuma ba ya gamawa sai ya kai wata shida ko bakwai. Ɗaga leɓensa ka duba: za ka ga giɓi, ka ga inda dasashi ya yi ja ya kumbura, wani lokaci har da ɗigon jini a jikin abin da ya tauna. Ƙaiƙayin nan ne ke sa shi neman abin gartsawa. Duka ba zai kawar da shi ba. Abin da zai koya a wurinka kawai shi ne tsoron hannun mutum, kuma karen da ya tashi da tsoron hannu shi ne ke cizon yara in ya girma.

Ga abin da za ka yi yau ɗin nan ba tare da ka kashe ko kwabo ba. Nemi tsohon tawul, ka yaga shi gida uku a tsaye, ka tufke su tamau, ka ƙulle bakin biyu. Jiƙa shi da ruwa ka sa a firji in kun samu wuta, in babu ka tsoma a ruwan randa. Sanyin yana kwantar masa da dasashi. Babban karas mai sanyi ma yana yi. Da zarar tawul ɗin ya fara zare-zare ka karɓe ka yi wani, don kada ya haɗiye. Kuma kada ka ce bari ka ba shi tsohon takalmi ya huta a kai. Shi bai san bambancin tsohon silifas da takalmin Alhaji na zuwa Juma'a ba. Takalman gida a ɗauke su daga inda bakinsa zai kai, in ka kama shi da wani ka karɓa cikin natsuwa ka miƙa masa nasa, ya kama ka yaba masa.

A cikin kayan da ka gani ana talla, wanda zan ce ka tara kuɗi ka saya guda ɗaya ne: robar nan mai kauri mai rami a ciki, irin ta Kong, wadda aka fara yi a Amurka a shekarun 1970. Ana cusa mata abinci, kare ya zauna yana lasa yana juya ta har ya gaji. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa kaɗan wadda ba gishiri ba sukari, ko tuwo da aka cuɗa da romo, sun isa. Ka sayi wadda ta fi ƙarfin ya haɗiye.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne abin da ba a ba kare, domin yawancinsu suna zube a tsakar gidajenmu. Ƙashin da aka dafa, musamman na kaza, tsagewa yake yi ya yi tsini ya huda hanji. Ƙaho da kofato da ƙashin ƙaurin sa sun fi haƙori tauri, suna fasa babban turmin sama. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: danna abin da farcenka, in bai nuna alama ba, ya yi tauri. Busasshiyar ganda suna sonta ƙwarai, amma sai kana tsaye, in ta yi laushi ta rage guntu ka karɓe. Tayar mota da ta babur akwai waya a ciki. Sai totuwar masara da ƙwallon mangwaro da ƙodagon goriba, waɗanda su ne suka fi kawo mana karnuka asibiti. Karen zai zo yana amai, ko ruwa ya sha sai ya dawo, ba ya kashi, in ka taɓa cikinsa ya ƙanƙame. A yi masa fiɗa a ciro guntun totuwa da bai wuce tsawon babban yatsa ba, amma hanjin da ke wurin ya riga ya yi baƙi, sai an yanke an haɗa. Wanda aka yi jinkirin kawowa ba ya tashi. Goro ma a kiyaye, yana ɗauke da sinadaran da ke sa cakulan ya zama guba ga kare. Haka kilishi da tsire, saboda albasa da tafarnuwa da ke cikin yajin suna lalata masa jini.

In ya gama famfara bai daina ɓarna ba, to zaman banza ne. Dabbar da aka halitta don yawo da sansana ba za ta wuni a sarƙa ta kwana a sarƙa ta zauna lafiya ba. Fita da shi bayan sallar asuba kafin gari ya cika, ka bar shi ya sansani duk abin da ya ga dama. Abincinsa kuma ka daina zuba shi duka a kwano. Dafa huhun saniya ba yaji, ka yanka ƙanana ka shanya, ka ɓoye a ƙarƙashin gwangwani, a bayan taya, a cikin kwali, ka sake shi ya nema. Aikin hanci yana gajiyar da kare fiye da yadda kake zato. Amma kafin ka fara fita da shi, ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa alluran rigakafi, musamman ta ciwon hauka. Daga wata uku ake yin ta, ana maimaitawa duk shekara, kuma a nan gida Najeriya cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin ta. Ka roƙi Alhaji ya ƙara maka wata biyu.

Tambaya: Likita, ina da kyanwa da nake ji da ita. Ta yage mini hannun kushin, kuma da asuba sai ta yi ta zarya a ɗaki tana ture kaya. Ina ɗinkin hula, kullum tana cikin zarena. Maƙwabciyata ta ce in riƙa kulle ta a sito. Ko hakan ya dace?
*Wata uwargida daga Daura*

Amsa: Hajiya, zan fara da zaren, don shi ya fi tayar mini da hankali. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi da suka kalli maƙogwaro, in zare ya shiga bakinta ba ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta haɗiya, wani lokaci har da allurar. Bakin zaren ya maƙale a ƙarƙashin harshe, sauran ya bi hanji, hanjin ya tattare a jikinsa har zaren ya yanka shi. Ki riƙa rufe kayan ɗinkinki a gwangwani mai murfi ko da fita tsakar gida za ki yi. In kuwa wata rana kika ga zare ya leƙo daga bakinta ko ta bayanta, kada ki ja. Ki kai ta asibiti. Kada kuma wani ya ce ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Kartar kushin ba rashin kunya ba ce. Da haka take zubar da tsohon ɓawon farcenta, take miƙe gaɓoɓinta, take kuma barin ƙanshin tafinta a wurin don ta ji gida nata ne. Ba a hana ta, sai dai a canja mata wuri. In akwai tsohon turmi da ya tsage a gidan, kin samu. Yana da nauyi, ba ya girgiza, tsayinsa ya isa ta miƙe. Ki kife shi, ki naɗe shi da igiyar rama tamau, ki ajiye shi daf da hannun kushin ɗin da take yaga, shi kuma hannun ki lulluɓe shi da leda mai santsi na ɗan lokaci. In kika kai turmin can bayan ɗaki ba za ta bi shi ba.

Zaryar asuba kuwa lokacin farautarta ne, asuba da almuru. Ki ɗaure gashin kaza uku ko huɗu a bakin igiya mai kauri, ki ɗaura a sanda. Bayan isha ki ja shi a ƙasa yana guje mata, ya ɓuya a bayan kujera, ya tsaya cik, ya sake motsi. Kada ki kaɗa mata a fuska, ɓera ba ya zuwa wurin kyanwa. Za ki ga ta lafe, ƙwayar idonta ta buɗe, ta girgiza ƙugu, sannan ta daka tsalle. Ki bar ta ta kama lokaci-lokaci. Minti goma zuwa sha biyar, sai ki ba ta abincin dare, ta lashe jikinta ta kwanta. Sandar kuma ki ɓoye ta. Yaran gida su daina sa ta bin hasken tocila a bango, tana ta bi ba ta kama komai, ƙara mata zafin rai yake yi.

Batun sito ban goyi baya ba. Na san ke ba za ki hana ta abinci ba, amma dukanmu mun san hadisin matar da ta tsare kyanwa, kuma darasinsa shi ne wanda ya killace dabba ya ɗauki nauyin duk abin da da ta samar wa kanta a waje. Ki ba ta kwali mai ƙofa biyu da wani wuri mai tudu kusa da taga inda za ta riƙa kallon tsuntsaye.

Tambaya: Baba, na ga bidiyo a Facebook karnuka suna tsallake shinge, suna kutsawa cikin rami, suna ratsa sanduna a guje. Nawa irin na 'yan sanda ne, watansa tara. Zan iya koya masa?
*Wani ɗalibi daga Rafin Daɗi, Katsina*

Amsa: Za ka iya ɗana, kuma na ji daɗin tambayar. Wasan nan a Ingila ya fara, a taron baje kolin karnuka na Crufts na 1978, inda aka shirya shi don ɗebe wa 'yan kallo kewa, an kuma kwaikwayo shi ne daga gasar tsallaken dawaki. Mu da muka tashi cikin dawaki mun san ba a hawan duƙushi sai ƙashinsa ya yi ƙwari. Naka a wata tara bakin ƙasusuwansa guringuntsi ne, manyan karnuka irinsa ba sa gama haɗewa sai shekara ɗaya zuwa wata 18, kuma irinsa dama suna da larurar ƙugu. Can Ingila ma ba a shigar da kare gasar sai ya cika wata 18. Saboda haka yanzu babu tsalle mai tsawo.

Fara da zauna, tsaya, zo. Wanda bai san kira ba ba zai san shinge ba. Daga nan ka shimfiɗa kara a ƙasa ya riƙa ƙetarewa. Ka cire gindin durom na roba, ka goge bakin don kada ya yanke shi, ka tokare shi da duwatsu kada ya mirgina, wani ya riƙe karen a wannan baki kai kana kiransa ta wancan da guntun huhu a hannu. In ya cika shekara sai ka ɗora karan a kan bulo biyu, ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Ɗorawa kawai za ka yi, kada ka ɗaure ko ka kafa ƙusa, don in ƙafarsa ta taɓa ya faɗi. Sandunan ratsawa a gasa 12 ne, tsakaninsu kamar santimita 60. Kai fara da huɗu na fayif ɗin roba a kafe cikin yashi. A kan ƙasa za ku yi, ba siminti ko tayil ba.

Babban abin tsorona zafi ne. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma a Afirilu da Mayu zafin Katsina yakan kai digiri 40. Da sassafe ko bayan la'asar sakaliya za ku yi, minti goma ya isa, da ruwa a kusa. Ɗora bayan hannunka a ƙasa, in ba za ka iya jurewa ba shi ma tafinsa ba zai jure ba. In ka ga harshensa ya zazzago ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa ka kwarara masa ruwa a kan cikinsa da hammatarsa, ku nufi asibiti. Kada ka sa shi gudu da ya gama cin abinci, manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu yana iya murɗewa. Su kuma masu karnukanmu na gida, irin siraran nan na mafarauta, kada su raina nasu. Sun fi naka jure zafi, jikinsu kuma ya fi sauƙi.

Tambaya: Likita, akun mahaifiyata ya fige gashin ƙirjinsa tas. Sammu ne ko cuta?
*Wani magidanci daga Ƙofar Marusa, Katsina*

Amsa: Malam, a kai shi a duba shi tukuna, don ƙwarƙwata da ciwon fata da ƙarancin abinci mai gina jiki duk suna sa haka. In an duba babu, to kaɗaici ne. Tsuntsu ne na dazuzzukan kurmi, a garke yake rayuwa, yana wuni yana fasa 'ya'yan itace da ɓare ɓawo. A mayar da kejinsa inda Hajiya ke zama ana hira. A sa masa ɗanyen reshen gwaiba da ganyen kaba da kwali ya yi ta yaga, a naɗe masa abinci cikin takarda mara rubutu sai ya warware ya ci, a riƙa canja masa kayan duk mako. Da hunturu a fesa masa ruwa da hantsi, bushewar iskar nan tana sa masa ƙaiƙayi. Ban da fiya, ban da gyaɗar da ta yi fumfuna, ban da makullai da waya mai tsatsa. Gashin zai ɗauki watanni kafin ya dawo, a yi haƙuri. Kada kuma a ce za a sayo masa ɗan'uwa a kasuwa: yawancinsu daga daji aka kamo su, kuma tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a hana fataucin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda sun yi ƙaranci. A gaida Hajiya.