Maganin rawar jikin Baba ba ya aiki da rana, mu bari ne?

Tambaya: Salam likita, mahaifina ne yake da cutar Parkinson, an ɗora shi a kan Sinemet sau 3 a rana. Na safe yana masa aiki amma na rana kamar bai sha ba, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Yayyena sun ce a bari a koma na gargajiya, ya kake gani?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Don Allah kar ku yanke masa maganin nan lokaci guda, ko da kuwa ƙarewa ya yi a kemis ɗin unguwa a nemo a wani wuri, domin yankewa kwatsam kan sa jiki ya sanƙare, zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum har ya fita hayyacinsa, kuma yana kisa.

Maganar na rana kuwa, ni abincin nake zargi. Levodopa da ke cikin ƙwayar ita ce take zama dopamine, wato sinadarin da ke daidaita motsin jiki, a ƙwaƙwalwa, to hanyar da take bi daga hanji zuwa jini ita ce dai hanyar da furotin yake bi, sai su yi ta rububin ƙofa ɗaya. In Baba ya ci ɗanwake da ƙwai ko shinkafa da wake da nama ya kora da fura da nono sannan ya haɗiyi ƙwaya, ai ta makara. A ba shi minti 30 kafin abinci ko awa 1 bayansa, in tana tayar masa da zuciya ya haɗa da biskit. Ba cewa na yi a hana shi nama ba fa, tsoho na buƙatarsa. Maganin ƙarin jini mai ayon (sinadarin ƙarfe) shi ma a raba su da awa 2.

In amai ya dame shi kar a karɓo metoclopramide ko Stemetil, ƙara cutar suke. Ya dinga tashi a hankali musamman lokacin alwalar asuba saboda jiri, in kuma ya fara ganin mutane a ɗaki ba kowa, ku gaya wa likita kafin a ce iska ce.

Ki samu takarda ki rubuta lokacin shan magani, abin da ya ci, da lokacin da rawar take dawowa, na sati guda, ki kai wa likitansa ko ɓangaren ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin Malam Aminu Kano. Da ita za a gane ko lokutan za a matso ko adadin za a gyara.