Ƙafar robar babur ta karye a hannuna na liƙe: dole ne in faɗa wa mai shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni makanikin babur ne. An kawo mini babur roba-roba gyaran wayar fitila. Garin cire robar gaba, sai ƙafar nan ta ciki da noti ke shiga ta ɓalle. Na liƙe ta da sufa gulu na mayar, daga waje ba a ganin komai. Dole ne in gaya wa mai babur? Kuma biya yana kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, ɗan'uwa.

Liƙin ba laifi ba ne, gyara ma ya fi jefar da abin da zai moru. Amma sanar da mai babur wajibi ne, kuma wannan "ba a gani" da ka ce shi ne ya ƙara wajabta shi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya ɗora shi sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Aibin da ke bayan roba, mai babur ba shi da hanyar saninsa sai ta bakinka. Kuma ka fi ni sanin cewa sufa gulu kaɗai ba ya jure girgizar hanya. Ran da ƙafar ta sake saki, robar ta fara kaɗawa, sauran ƙafafun su ɗauki nauyin su ma su tsage, mai babur zai zargi wani makanikin, ko gobe ya sayar wa wani bai san da aibin ba.

Batun biya kuwa, malamanmu na Malikiyya sun ɗora wa mai sana'ar da ya buɗe wa jama'a rumfa lamunin abin da ya lalace a hannunsa. Sai dai sun keɓe aikin da dama akwai kasada a cikinsa, kamar huda lu'ulu'u, inda ba ya biya sai in ya yi ganganci. Don haka duba yadda aka yi. In ka fizgi robar ne ba ka gama kwance notuna ba, biya yana kanka: ko gyara mai ƙwari ba ka karɓi ko sisi ba, ko ka sayo wata makamanciyarta. In kuwa tsohuwa ce da rana ta gasa har ta yi gautsi, ka kuma bi a hankali, ba ka da lamuni.

Ka kira shi, ka buɗe ka nuna masa. In ya yarda da gyara, duba tambarin da ke cikin robar mai nuna irinta: mai tambarin ABS tana kama gam mai haɗi biyu, mai tambarin PP kuwa sai an narka ta da ƙarfe mai zafi an dasa 'yar waya a gindin ƙafar. In ya yafe maka, ya halatta.

Allah ne Mafi sani.